Tiraka da waya za su iya rage mana asarar albasa a hanyar Legas?

Ɗan Aliero:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu motoci da direbobi da duk wanda ya san harkar lodi zuwa kudu, don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka.

Ni harkar albasa nake yi, daga nan Aliero muke lodi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, wani lokacin Badun ko Anacha in an ce can ta fi tsada. Ba ni da motar kaina, mukan haɗu mu uku ko huɗu mu cika tirela ɗaya ta hannun ɗan kamasho, a ba direba kuɗin gas da na hanya, ciko sai an sauke kaya. To matsalar ita ce da zarar mota ta bar Jega ta miƙi hanyar Koko da Yawuri shi ke nan kai da kayanka sai addu'a, ka kira direba ya ce yana Kwantagora, da dare ka sake kira ya ce har yanzu yana nan taya ce ta fashe, washegari wayar a kashe, ga dillalinka na Legas yana ta bugo maka yana cewa ina kaya, kasuwa ta yi kyau yau motoci kaɗan suka shigo. Kafin taka ta isa wasu sun riga ka, farashi ya sauka, albasar kuma da ta kwana kwana a ƙarƙashin tampol cikin zafi ta fara gumi, a kwance buhu a tarar ruɓa ta kama na ƙasa. Ka yi asarar farashi ka yi asarar kaya, ga kuɗin mota ya hau tun da gas ya tashi.

Yarona da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan garin ya ce akwai na'urar da ake saka wa mota, tiraka, kana kwance a gida kana ganin inda take a waya. Ya kuma ce akwai manhajoji da ke haɗa mai kaya da mai mota kai tsaye. Abin da nake son sani, gaskiya abin nan yana aiki a irin hanyarmu da sabis ke ɗaukewa? Kuma ni da ba ni da mota ta ina zan amfana, tun da ba zan saka na'ura a motar wani ba? In kuma akwai wata dabara da ta fi wannan sauƙi a faɗa min, lokacin fitar da albasar da muka ajiye a rudu ya kusa.

Alhaji Mai Daf, Jega:

Wa alaikumus salam. Ina da motoci a wannan layin kuma duk na saka musu tiraka, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko maganar sabis. Na'urar abu biyu take yi. Sanin inda take daga tauraron ɗan adam take samu, wannan ba ruwansa da MTN ko Airtel, ko a tsakiyar daji ta san inda take. Amma turo maka labarin zuwa wayarka da sim take yi, akwai layi a cikinta. In mota ta shiga inda babu sabis za ka ga ta tsaya cak a taswira, sai ta fito inda akwai sabis sannan ta turo duk abin da ta ajiye, inda ta bi, gudun da ta yi, inda ta tsaya da minti nawa. Saboda haka ba ta ɓatar da komai, jinkiri kawai take yi. Amma ka tambaya kafin ka saya, masu arhar nan wasu ba su ajiye komai. Kuma a samu mai ɗan batir a ciki wadda za ta turo saƙo in an cire mata wuta. Akwai kuɗin wata ko na shekara da ake biya, mutane da yawa nan suke faɗuwa, a saka na'ura a manta da biyan kuɗin layi, ranar da ake nemanta a tarar ta mutu tuntuni.

Akwai kuma abin da suke tallatawa wai za ka iya kashe injin daga gida. Ni na hana a taɓa wannan sai mota na tsaye. Tirela ɗauke da lodi tana gangara ka kashe mata inji, rai kake wasa da shi, na direba da na mutanen hanya.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki ba satar gas ba ne, kodayake don ita na saka tun farko. Da na zauna na duba tarihin tafiye-tafiyen sai na ga motar kwanakin da take yi a tsaye sun fi waɗanda take yi tana tafiya. Jiran lodi ya cika a nan, jiran layin saukewa a can, sai babban, jiran kayan dawowa. Mota ta sauke albasa a Legas ta zauna a gareji ana neman abin da za ta ɗauko, sukari ko fulawa ko taki ko katako ko manja, in ba a samu ba ta taho wayam. Kuma ka sani ɗan uwa, duk motar da ta dawo babu kaya, gas ɗin dawowarta a cikin kuɗin da aka caje ka yake, ba mai mota ke ɗauka ba. Shi ya sa nake cewa in kuna son kuɗin mota ya sauka ku taya mu samun kayan dawowa. Yanzu ni da na ga mota ta wuce Ilori nake fara kiran mutanena na Legas da Badun in ce ga mota tafe ranar kaza, wa ke da kayan Kebbi ko Sakkwato. Da ba na iya yin wannan alƙawarin saboda ni kaina ban san ranar da za ta isa ba.

Kai da ba ka da mota, ka ce wa ɗan kamasho motar da ke da tiraka kake so, kuma mai motar ya tura maka hoton inda take safe da yamma. Wasu manhajojin ma ana iya ba mai kaya izinin kallo na wannan tafiyar kaɗai. Mai motar da ya ƙi wannan ka yi tunani a kansa.

Direban Tirela 'Yar Yawuri:

Alhaji Allah shi ƙara girma, ka faɗi gaskiya amma da saura. Ni nike riƙe da sitiyari a hanyar ga, bari in faɗi namu.

Na'ura tana nuna mota ta tsaya, ba ta nuna mi ya tsai da ita. Mai kaya shina gida shina kallon ɗigo a waya, ya ga awa huɗu ba motsi sai ya fara zagi wai direba na barci ko ya tsaya wurin wata. Bai san wata tirela ta faɗi ta rufe hanya tsakanin Makwa da Jabba ba, bai san masu karɓar haraji sun jefa katako mai ƙusa gaban mota sun ce sai an sayi sitika ta ƙaramar hukumarsu ba, kuma kowace jiha da nata. Lokacin da gadar Tatabu ta karye a 2017 motoci kwana da kwanaki sunka yi, haka da ambaliyar Makwa ta ƙarshen Mayun 2025, wace na'ura za ta ɗauke ka ta tsallakar? Kuma in na yi barci ma laifi ne? Mutum ne ni, wanda bai yi barci ba shi ka kashe mutane a hanya.

Sannan ku masu albasa, da girmamawa, jinkirin da yawa daga wurinku yake farawa. A ce lodi da safe, mota ta iso ta tarar mutum guda bai gama ɗinkin buhu ba, wani kayanshi na ƙauye ana jiran ƙaramar mota kanta ta kawo, sai bayan isha'i a gama, kuma akwai wuraren da ba mai hankalin da zai shige su da dare yanzu, dole in kwana in jira gari ya waye. Yini guda ya tafi tun ba mu bar Kebbi ba. Ga lodin wuce ƙima, kowa na son a ƙara mashi buhu goma, taya ta fashe a ce direba ne. Ga wanda zai cusa albasar da ba ta sha iska ba wuyanta ɗanye, ita ka fara ruɓewa ta kama sauran.

In kuna son labarin hanya na gaskiya, yana cikin guruf ɗinmu na direbobi a WhatsApp. Wanda ke gaba shi ka aiko murya, ya ce kar ku taho an rufe wuri kaza, ko ku bi ta kaza, ko gas ya fi sauƙi gidan mai kaza. Wannan ya fi taswirar waya saurin sani, don ita taswirar sai ta nuna maka wata 'yar hanya wadda ko kanta ba ta bi balle tirela.

Ni ban ƙi tiraka ba wallahi, ta taɓa wanke ni ma da anka ce na karkatar da kaya, aka duba aka ga ban bar titi ba. Abin da nike roƙo, in za a auna mu a auna kowa. A rubuta lokacin da mota ta iso wurin lodi da lokacin da anka gama, a rubuta lokacin da munka isa kasuwa da lokacin da anka sauke. In jinkiri na mai kaya ne a biya kuɗin kwana. In na isa kan lokaci a ƙara mani wani abu. Ka ga ko ba a kira ni ba ni zan riƙa turo lokeshan da kaina.

Maman Hanifa, Argungu:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'ajin kaya nake kula da shi a wani kamfanin casar shinkafa, aikina kenan kullum lissafin motocin da suka shigo da waɗanda suka fita, to bari in sa baki.

Baba Ɗan Aliero, shawarata kar ka fara da sayen komai. Ka fara da rubutu. Abin da direban nan ya faɗa shi ne asalin maganar, duk abin da ake kira bayanai ko data ba wani abu ba ne illa a rubuta abu a lokacin da ya faru a kuma ajiye shi inda za a iya dawowa a duba. Ka sa yaronka ya buɗe maka shafi a Google Sheets ko Excel a wayarsa, ko littafi ma ya isa. Kowace tafiya layi ɗaya: ranar lodi da ƙarfe nawa aka gama, lambar mota, sunan direba, ɗan kamashon da ya kawo shi, buhu nawa, daga rudun wa aka ɗebo, kuɗin mota, ranar isa, ranar saukewa, farashin da aka sayar, buhu nawa suka lalace. Shi ke nan. Tafiya ɗaya ba za ta gaya maka komai ba, amma in kaka guda ta wuce kuma ku huɗun kun haɗa naku za ka fara ganin abubuwan da da sai dai zargi. Za ka ga direban da kullum kan lokaci yake, za ka ga ko ruɓar daga doguwar hanya take ko daga kayan mutum ɗaya ne cikinku, za ka ga ranar makon da in mota ta isa farashi ya fi.

Mu a wurinmu haka abin ya gyaru. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a nan Kebbi a Nuwamban 2015 noman shinkafa ya ƙaru, manyan injina suka samu, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a nan Argungu wadda aka buɗe a 2017, to shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta zama ana shigo da ita mota mota, kuma ba zai yiwu a ci gaba da saye da ido da ƙiyasi ba. Mota ta hau sikeli da kaya, ta sauke ta sake hawa, bambancin shi ne nauyin kaya. A soka na'urar auna danshi, shinkafar da za a ajiye ana son kusan kashi 14 cikin 100, in ta fi haka a rage kuɗi ko a shanya. Rigimar da ake yi da ta ragu sosai saboda lamba ce a takarda kowa na gani. Albasa ma akwai 'yar na'ura ƙarama da ake jefawa tsakiyar buhuna tana rubuta zafi da laima duk tsawon hanya, in an isa a haɗa da waya a ga a wane lokaci kayan suka ɗau zafi. Da wannan za ka gane ko tampol ne aka ɗaure tam babu iska, ko tsayuwar rana ce.

Maganar ganin mota kuwa ko babu tiraka akwai ta kyauta. WhatsApp yana da raba wuri kai tsaye har na awa 8, in ya ƙare a sabunta, Google Maps kuma ana iya barinsa a buɗe har sai an kashe. Ka saya wa yaron mota data ka tabbatar akwai caja a motar. Ba ta kai tiraka ba don in waya ta mutu shi ke nan, amma ta fi kiran da ake yi ana musu.

Manhajojin da yaronka ya faɗa an yi su, irin Kobo360 da Lori Systems da suka yi tashe wajen 2018 da 2019. Sai dai yawancin aikinsu da manyan kamfanoni ne masu lodi kullum da takardu, ba a gina su don mutum huɗu da suka haɗa albasa a kasuwar ƙauye ba. Ni a ganina abin da ya fi dacewa da ku a matakin ƙungiya yake. Dubi abin da hukumar tashoshin ruwa ta yi a tashar Apapa ta Legas a Fabrairun 2021 da tsarin Eto, aka ce tirela ba za ta tunkari tasha ba sai ta yi rajista an ba ta lokaci. Ana ta ƙorafi a kansa har yau, amma tunanin daidai ne, kar kowa ya taho lokaci ɗaya. Ku matsalarku kenan, in labari ya zo Legas ta yi tsada kowa sai ya yi lodi rana ɗaya, Aliero da Gwandu da Sakkwato da Kano, duk su sauka tare farashi ya faɗi. Da ƙungiyar masu albasa za ta sa mutum ɗaya a kowace kasuwar lodi yana turo adadin motocin da suka tashi yau da inda suka nufa, kowa ya gani kafin ya ɗinke buhu, da mutum zai iya cewa bari in jira kwana biyu ko in juya Anacha. Wannan ba ya buƙatar komai sai waya da amana.

Bagusaje:

Daga Gusau nake, hatsi da waken suya nake lodi zuwa Funtuwa da Dawanau a Kano. Duk abin da aka faɗa na yarda amma ina so in ja kunne kan abu biyu da mu a Zamfara muka gani da idonmu.

Na ɗaya, kar ka gina kasuwancinka gaba ɗaya a kan sabis. A farkon Satumban 2021 aka kashe layukan waya a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, Gusau sai a watan Oktoba aka dawo mata da shi, wasu ƙananan hukumomin sun daɗe bayan nan. Mutane har Funtuwa suke zuwa don su buga waya kawai. A lokacin wanda lissafinsa duka na cikin manhajar da sai da intanet take buɗewa ya sha wahala, wanda ke da littafi da takardar shaidar kaya ta webil ya ci gaba da harkarsa. Saboda haka duk abin da aka rubuta a waya a samu kwafinsa a takarda, kuma direba ya san tun kafin ya tashi wa zai nema a wane gari in an daina jin juna.

Na biyu shi ya fi muhimmanci, wa ke ganin bayanan? Maman Hanifa ta ce a riƙa turo motocin da suka tashi, to a turo adadi kawai, kar a sa lambar mota ko lokacin tashi ko hanyar da za ta bi a guruf mai mutum ɗari biyu da ba ka san rabinsu ba. Mu nan mun san abin da masu kai rahoto suke jawowa a hanyar Tsafe da sauran wurare. Inda mota take a wannan lokacin sirri ne tsakanin mai mota, direba da mai kaya, kuma da an sauke a rufe izinin. Wanda ya saka maka tirakar ma ka canza lambar sirrin da ya ba ka a ranar.

Abin da fasaha ta yi mana da ba na musu a kai shi ne kuɗi. Tun wahalar canjin takardun naira a farkon 2023 kusan kowa ya koma tiransfa, yanzu direba ba ya yawo da damin kuɗi, ana tura masa na gas kashi kashi, ya isa gidan mai ya kira a tura, alat ɗin kuma shi ne shaidarka. Ni har fata nake jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura Namoda tun 1929 ya dawo ɗaukar kaya yadda ya kamata, ga tashar tsandauri an buɗe a Funtuwa a 2024, da rabin wannan maganar ba mu yi ta ba.

Na Tasha:

To ni ɗan kamasho ne, na ga ana ta zagaye mu ana son a ce waya ta maye gurbinmu. Ba komi. Amma ku tambayi kanku, ranar da mota ta lalace a dajin Kwantagora da albasar mutane, wa ka tashi tsakar dare ya nemo wata motar a juye kaya? Ranar da direba ya gudu da kaya wa anka riƙe? Mu ne, don mu munka san gidan mai motar da ubanshi da wanda ya tsaya mashi. Manhaja ba ta zuwa gaban sarkin tasha a yi sulhu.

Amma maganar Alhaji ta kayan dawowa gaskiya ce kuma mu ya kamata mu yi ta. Yanzu haka muna da 'yan uwanmu a garejin Legas da Badun da Anacha, kowa na riƙe da labarin kayan da ke neman mota a kanshi, ba mai gaya ma wani don kar a ƙwace mashi kamasho. In da za a yarda a raba kamashon biyu, na nan da na can, a buɗe wuri guda da za a riƙa rubuta mota kaza za ta sauke ranar kaza tana neman kayan Jega ko Kamba, da motoci da yawa ba su taho wayam ba. Kayan Kamba ma kaɗai, tun da anka sake buɗe iyakar Nijar a Maris 2024 akwai masu nema. Ni a shirye nike in fara da motocin da ke bi ta hannuna, kuma Ɗan Aliero in ka zo neman mota ka ce mai tiraka kake so, akwai su, sai dai ka san ba duka masu mota ka yarda a ba mai kaya izinin kallo ba, sai mun zauna da su.

Ɗan Aliero:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na kira abokan haɗin lodina mun yi magana, rubutun nan za mu fara shi daga motar farko, kuma mun yarda duk wanda kayansa bai iso wurin lodi kafin azahar ba a bar shi ya bi ta gaba. Malam direba maganar kuɗin kwana da tukwicin isa da wuri mun karɓa, sai dai ina so in ji yadda ake yanke shi don kar ya zama wata rigimar. Daga wane lokaci ake fara ƙirga kwanan, kuma in hanya ce ta rufe ba laifin kowa ba wa ke ɗauka?

Alhaji Mai Daf, Jega:

Yadda nake yi da masu kayana, ana rubuta shi a bayan webil tun kafin mota ta tashi, ɗan kamasho ya sa hannu a matsayin shaida, kowa ya ɗau hotonsa a waya. Ƙirga tana farawa daga lokacin da mota ta shiga kasuwar da za a sauke, tiraka ko lokeshan na nuna wannan ba musu. Ana ba mai kaya yini ɗaya kyauta ya sauke, abin da ya haura shi ke biyan kwana. In mota ce ta lalace nawa ne, kuma in gyaran zai wuce yini ni zan nemo motar juyi tun da kayan mai lalacewa ne. In hanya ce ta rufe ko ambaliya ba a cajin kowa, abincin direba da yaronsa kawai muke rabawa da mai kaya. Tukwicin kuwa ku ba direba hannu da hannu ko ta asusunsa, kar ya bi ta wurina, kuma kar ku ɗaure shi da awa, ku ce ranar kaza kafin kasuwa ta buɗe, in ba haka ba gudu zai yi da lodi. In za ku yi lodin farko ka yi min magana kwana biyu kafin nan in fara neman kayan dawowa, in an samu zan rage muku kuɗin zuwa.